Kun mai da ni Farfesan albasa a Rimawa, kun tahi kun bar ni

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Noma na jami'armu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lahiya, kai da malamai da ɗalibai. Sunana Umaru Sani, manomin rani a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Koke na kawo, amma ka yi haƙuri, dariya nake ina rubutu.

Ranin bara waccan wata malamarku da ɗalibanta sunka roƙi aron gefen gonata don gwaji. Sunka kawo sabon irin albasa, sunka haɗa taki da kashin shanu da ɓuntun shinkafa, sunka dinga fesa ruwan ganyen dogon yaro maimakon maganin kanti, sannan sunka ɗaura mani rumbu mai shan iska. Ranka ya daɗe, albasa ta yi kai awa dunƙulen ɗan dambe. Ranar cire ta na zauna cikin kunyar albasa ina ta ƙyalƙyata dariya ni kaɗai, har maiɗakina da ta kawo abinci ta tambaya ko a kira mai ruƙiyya. Damina ta faɗi, ta maƙwabta ta ruɓe, tawa tana rumbu tana sheƙi. Daga nan mutanenku sunka ɗauki hotuna, munka yi bankwana, ban sake ganin ko ƙurar motarsu ba.

Ga kokena.

Na ɗaya, ba a gaya mani sunan irin ba, balle inda ake samunsa. Allon da sunka kafa a gonar gara ta cinye shi.

Na biyu, kun ja mani suna. Yanzu ko masallaci na shiga, Farfesa ake ce mani. Mutane na zuwa bisa babura daga Dinawa har Maikujera, kowa da tambaya: mi ake zubawa, gwangwani nawa? Ba zan ɓoye ba, sunan na mani daɗi, har hula na sake. Amma awon ban san shi ba, don ɗalibanku ke haɗawa, ni ko ina ban ruwa. Yayana Garba ya matsa, na ce mashi ya kwatanta. Ya dama dogon yaro da sabulu da kauri, dashensa duk ya ƙone. Shi gani yake ɓoye mashi sirri na yi. Mutumin da munka tashi ɗaki guda, yau hannu kawai yake ɗaga mani daga nesa. Nan kam dariyar ta tsaya.

Na uku, da anka yi hira da malamar a rediyo, an ce gonar a Wurno take. Surukaina na can suna karɓar barka.

Roƙona shi ne ku dawo kahin a saki ruwan rani. Ku tara mu gindin itace, ku yi bayani da Hausa, ku auna komi a gabanmu da gwangwanin da muke da shi. Ku zo da irin, ko ku nuna muna yadda za mu fid da namu. A gyara zancen rediyo. Kuma darasin farko, don Allah, a yi shi a gonar Yaya Garba, ya ji daga bakinku cewa ƙanensa ma bai sani ba.

Allah ya ƙara basira, ya albarkaci bincikenku, ya sa ka gama lahiya.

Wassalam.

Umaru Sani, Rimawa.