Kashin Maƙera

Litinin, 3 ga Maris
Na koma kufan da ke bayan gari neman tsingaron mutanen da. Sandata ta tono wani baƙin dutse mai nauyi, jikinsa duk ƙananan ramuka, gefe guda sumul kamar ya taɓa narkewa. Na kanga masa maganaɗisu, ya kama. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da labarin ƙasa, saboda haka ban yi shakka ba: daga sama ya faɗo.

Laraba, 5 ga Maris
Na nuna wa tsofaffin abokan aikina biyu a falo. Ƙanwata, wadda ke zaune tare da ni tun rasuwar mijinta, ta shigo da shayi. Ta leƙa, ta ce, "Yaya, wannan ai kashin maƙera ne, irin wanda Baba ke sa ni kwashewa." Baƙin suka dubi juna. Ɗan kasuwa na saba ce musu mahaifinmu ne. Na ce wadda ba ta san ko bihim ba, ba ta tsoma baki a zancen ilimi. Ta ajiye faranti a hankali, ta fita.

Asabar, 8 ga Maris
A ɗakinta take cin abinci yanzu.

Talata, 11 ga Maris
Na kai shi gidan adana kayan tarihi. Jami'in ya juya shi sau ɗaya kawai. "Mama, ba daga sama ba ne. Dattin da ke saura ne idan an narka tama." Ya ce duk da haka shaida ce mai daraja, domin tana nuna an yi ƙira a kufan tun da daɗewa, kuma zai sa sunan wanda ya fara gane shi a rahoto. Ya tambaye ni ko da wanda ya gane. Na ce ni ma na yi wannan zato.
Ya rubuta sunana. Ina kallo.

Alhamis, 13 ga Maris
Ni aka kai makaranta, ƙanwata aka bari da zugazugin Baba. Har yau tabon tartsatsi na nan a hannunta. Ban san ranar ƙarshe da na dubi hannun ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Gobe jami'in zai zo mu je kufai. Na ce da ita ta shirya, domin gwiwata na bukatar abin dafawa. Ba don wani abu ba. Ta ce, "Yaya, ke da ko sanda sai an roƙe ki kike dogarawa?"
Na rubuta wa jami'in 'yar takardar gyara, layi biyu, da sunanta a ciki. Sau uku ina yagawa. A ta huɗu, ƙarƙashin sa hannuna, na ƙara sana'ar Baba. Rubutun ya ɗan karkace, amma yana karantuwa.