Ƙasar da Na Ɗebo a Gindin Bishiya

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in yi aika-aika.

Ina aiki a ɗakin gwajin ƙasa, muna auna ragowar maganin ƙwari da ke daɗewa a gona bayan feshi. Yayana manomin tumatir ne. Kamfanin da ke sayen kayansa ya nemi takardar gwaji, ni na je ɗebo ƙasar. Sakamako ya nuna guba ta yi yawa, kamfanin ya janye.

Yaya ya tare ni a ƙofar ofis, ya zabga mini ƙarfen feshi a baki. Haƙora biyu suka zube, jini ya wanke mini riga. Ya shaƙe ni yana gwara kaina da bango, da ƙyar masu gadi suka ɓanɓare shi. Duk sanda harshena ya taɓa giɓin nan sai zuciyata ta tafasa. Wallahi har adda na wasa.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ƙa'ida ita ce a zaga gonar a ɗebo daga wurare goma sha biyar, a gauraya. Ni rana ta dake ni, na cika kwalabena a inuwar bishiya ɗaya, inda 'ya'yansa ke wasa. Jiya matarsa ke ce mini a nan yake wanke tankin feshi shekara da shekaru. In na faɗa, aikina zai tafi. In na yi shiru, na kashe masa gona.

Ƙanin Manomi

AMSA

Ƙanena, sannu da jiki. Addar nan ka miƙa wa mahaifiyarku yau, ba gobe ba.

Yayanka ya zalunce ka, ba shi da hujja. Kana da ikon kai ƙara, kuma kada ka yarda ku haɗu ku biyu kaɗai. Amma zubewar haƙoranka ba ta gyara takardar ba. Ka sami shugabanka ka faɗa da bakinka, a tura wani ya sake ɗiba yadda ya kamata. Wataƙila a hukunta ka, sai ka daure.

Abu ɗaya ka manta. Sakamakon nan ƙarya ya yi wa gonar, amma bai yi wa gindin bishiyar ƙarya ba. Kafin komai, aika wa matarsa ta kwashe yaran daga wurin.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zukatanku.