Ƙwarin Bishiyar Beka

Vižinada, 9 ga Yuli

Babana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi, kana kuma bin maganar likita, ko da yake na san halinka. Ka gaishe mini da Yaya Loredana da yaranta.

Gara ka ji daga bakina. Ciwon nan mai mayar da ganyen inabi rawaya ya shiga gonar maƙwabcinmu, Kawu Ferucio. Jiya ya girgiza bishiyoyin beka da ka shuka a kan iyaka, ƙananan ƙwari masu tsalle suka watse, ya rantse su ke yaɗa ciwon. Ya ce, "Kowa ya koma igiyar roba, ubanki kaɗai ke ɗaure inabi da tsumagiyar beka, sai ka ce kakansa!" Ya ba ni zuwa Asabar in sare su, ko ya zo da zartonsa. Na ce sai dai ya fara da ni.

Na cika kwalba da ƙwarin bekar, don a kwatanta kuma na ɗebo wasu a kwalba ta biyu daga inabin da marigayiya Mama ta dasa. Gobe zan kai wa malamar gona a Poreč.

'Yarka,
Nevija

Vižinada, 11 ga Yuli

Babana,

Ina gaisuwa. Yaya jikin? Ka zauna kafin ka karanta.

Malamar ta sa ƙwarin bekar a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta nuna mini. Koraye ne, masu faɗin kai, ta ce beka kaɗai suke tsotsa, ba ruwansu da inabi. Har na fara shirya abin da zan gaya wa Kawu Ferucio.

Sai ta buɗe kwalba ta biyu. 'Ya'yan ƙwarin ciki suna da ɗigo biyu baƙaƙe a wutsiya. Su ne masu yaɗa ciwon. Ta tambaye ni ko ganyenmu ya fara nannaɗewa. Baba, tun bara na gani, na yi ta ce wa kaina fari ne. Yau ta zo ta duba, ta ce ciwon ya daɗe a wurinmu, dole a tuge layukan inabi takwas na Mama.

Na je na faɗa wa Kawu Ferucio. Ya cire hularsa, ya ce zai zo da shebur ya taya ni.

Bekarka ta tsira, Baba. Zan yanke tsumagiyar a Fabrairu kamar kullum, sai dai ban san abin da za mu ɗaure da ita ba.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Nevija