Awon Jinin Baba da Na Ɓoye

Goggo, don girman Allah ki taimake ni. Wata bakwai ke nan ina yawo da wata magana a cikina, ta hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa. Idan kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka kaina yake yanzu.

Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin likita, ina shekara ta huɗu. Mu biyar ne a wurin iyayenmu, ni ce ta biyu, kuma ni kaɗai na yi nisa a karatu. Babanmu mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi, teburi ɗaya, kujera biyu, sai wani ƙaton agogon bango da yake saita sauran da shi. Tun ranar da na samu gurbin karatu ya daina kiran sunana, sai Likita. Ko ruwa zai ce in miƙo masa, Likita ce. Ina jin kunya, ina kuma jin daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Bara aka koya mana awon hawan jini. Junanmu muke aunawa a aji: ki ɗaura wa ƙawarki ƙyallen na'urar awon a damtse, ki matsa robar, ki sa abin sauraro a kunne, ki lura da inda allurar na'urar take lokacin da bugun jini ya fara da inda ya ɗauke. To dukanmu matasa ne masu jini a jika, duk wanda aka auna ɗari da ashirin bisa tamanin ne, ko kusa da haka. Wanda ya faɗi wani adadi daban, sai malamin ya ce kunnensa ne ke buƙatar wanki, aji ya kwashe da dariya. Sau biyu aka yi mini wannan dariyar. Daga nan na ɗauki wani darasi da babu shi a littafi, cewa in na ji abin da ya saɓa, to ni ce na yi kuskure. Kuma a gaskiya ba mu ɗauki hawan jini a bakin komai ba. Gani muke ciwon kowa da kowa ne, ko mai shara a asibiti ya san shi. Cututtukan da ake gani sau ɗaya a shekara goma, su muke haddacewa, don da su ake burge malamai.

Da aka yi hutu na tafi gida da na'urar awon da Yayana ya saya mini. Baba ya ce lallai a shago zan auna shi. Ya kira mai aski, ya kira mai gyaran takalmi, har da wani bawan Allah da ya kawo agogo gyara, wai su zo su ga aikin 'yarsa. Ya naɗe hannun riga yana tsokanata, wai wannan wane irin agogo ne mai hannu ɗaya. Na auna. Ɗari da casa'in bisa ɗari da goma. Adadin ya yi sama ƙwarai. Na ce ƙarar motoci ce ta dame ni, na sake, allurar ta nuna abin da ta nuna da farko. Na ɗaga kai na ga mutum uku sun zuba mini ido, Baba yana murmushi yana jira. Ba ya ciwon kai, ba ya jiri, mutum ne da ban taɓa ganin ciwo ya kwantar da shi ba. Sai na ce a raina hannuna ne bai faɗa ba tukuna. Na buɗe baki na ce ɗari da talatin bisa tamanin, lafiyarsa ƙalau. Aka yi ta sa mini albarka. Mai aski ya ce shi ma a auna shi, na ce ina sauri.

Na yi niyyar in sake auna shi a gida idan an natsu. Wallahi na yi niyya. Amma yau da gobe har hutu ya ƙare, na koma makaranta, jarrabawa ta sha mini kai, zancen ya shiririce.

Bayan wata uku, wata rana da hantsi, yana cikin mayar wa wani agogo murfi sai ɗan sukudireba ya suɓuce daga hannunsa. Mai aski ne ya lura bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya daɗe yana cin sa ba a sani ba. Ina tsaye a wurin likita ya tambaya ko an taɓa auna shi. Umma ta ce ai 'yarsa ta auna shi kwanan baya, lafiya lau. Likitan ya dube ni ya ce abin yakan zo haka. Na bar maganar Umma a haka ban gyara ba, Goggo. Karo na biyu ke nan da na ɓoye gaskiya.

Yanzu Baba yana gida. Yana takawa da sanda, amma hannun daman da yake cire ƙusar da ido ma da ƙyar yake ganin ta, yau ko cokali ba ya riƙewa. An rufe shagon. Maganarsa tana dawowa kaɗan-kaɗan, kuma kalmar da ta fi fita sosai a bakinsa ita ce Likita. Duk sanda ya faɗe ta sai in ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa.

Na'urar tana ƙasan akwatina, ban sake taɓa ta ba. A asibiti in aka ce in auna majinyaci, sai in san dabarar da na tura wa wani. Umma ta yi mini magana ya kai sau biyar in auna ta, wai ƙeyarta tana yi mata nauyi, ƙafafunta suna kumbura da yamma. Sai in ce na'urar ta lalace, gajiyar jinya ce kawai ke damunta. Ba zan iya ba, hannuna rawa yake yi.

Tambayata biyu ce. In faɗa musu gaskiya, ko in mutu da ita a cikina? Kuma wadda ta aikata irin wannan ta cancanci a damƙa mata rayukan mutane? Na riga na rubuta takardar barin makaranta, miƙawa ce kawai ban yi ba.

'Yar mai gyaran agogo

'Yata,

Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya kafin in ajiye, saboda haka ba zan yi miki daɗin baki ba, ba kuma zan ƙara miki wuta ba.

Kin yi laifi, amma ki san inda laifin yake. Awonki daidai ne har sau biyu, kuma shakkar kunnenki ba aibu ba ne ga mai koyo. Laifin shi ne kin ga adadi ɗaya kin faɗi wani. Da kin ce ba ki tabbata ba, a je asibiti a sake, da kin fita. A ɗaya ɓangaren kuma, a kan damtsen masu lafiya aka koya miki awo, aka yi miki dariya duk sanda kika ji daban, kuma wannan gyara ne da ya rataya a wuyan malamanku. Sannan babu likitan da zai rantse miki cewa da an fara magani a ranar, abin ba zai faru ba. Magani yana rage haɗarin ƙwarai, amma ciwon ya yi shekaru yana ɓarna kafin ki ɗaura wannan ƙyallen. Ki ɗauki rabonki na nauyin, ki ajiye wanda ba naki ba.

Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu, kamar yadda Baba bai ji ba. Hawan jinin da ciwon sukari da ciwon huhu da ƙarancin jini da gudawar yara, waɗanda kuke rainawa, su suka cika gadajen da na yi wa hidima, su ne kuma za su cinye mafi yawan kwanakin aikinki. Ke da kanki kin ce babanki ba ya yarda da agogo sai ya saita shi da na bango. Haka awo yake. Adadin da ya ba ki mamaki, ki zaunar da mutum ya huta minti biyar, ki sake, ki rubuta abin da kika gani, ki kai wa na gaba da ke.

Takardar barin makaranta kuwa, ki yaga ta. Ki samu malami ɗaya da kike ganin girmansa ki faɗa masa komai, har da rawar hannun da guje wa majinyata, ya nema miki mai ba da shawara. Likitocin da na fi amince wa a rayuwata, kusan kowannensu yana da rana irin taki da bai manta ba.

Gaskiyar ma ki faɗe ta. Ki fara da Umma, ku biyu a ɗaki, sannan ku nemi shawarar likitan Baba kan lokacin da ya dace shi ma ya ji. Za su iya jin zafi, ki ba su lokaci.

Amma duk wannan zai iya jira har jibi. Abin da ba zai jira ba yana kusa da ƙarshen wasiƙarki, kin wuce shi kamar ba komai. Uwa mai shekaru, ƙeya tana nauyi, ƙafa tana kumbura, ta roƙe ki sau biyar, kin ce gajiya ce. 'Yata, ba ki lura ba? Abin da kika yi sau ɗaya a shago, kin maimaita shi sau biyar a tsakar gida. Ban ce hawan jini ne ba. Yana iya zama zuciya, ko ƙoda, ko abin da bai kai haka ba, shi ya sa ake aunawa. Ranar da kika karanta wannan amsa, ki kai ta asibiti a duba jininta da sukari da fitsari. Ke 'yarta ce, rakiya ce aikinki, magani na likitanta ne. Sai dai kafin ku fita, ki ciro na'urar daga ƙasan akwati, ki zaunar da ita, ki auna ta ko da hannunki yana rawa, ki faɗa mata adadin da kika gani, ko nawa ne.

Allah Ya sa a ji alheri, Ya tashi kafaɗar Baba, Ya kuma kai ki ranar da zai kira ki Likita ki amsa masa kanki a ɗage.

Goggo