Zif a Bayan Dodo

Zuwa ga 'yata mai shagon faifai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da kasuwa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa, ita kuwa ta daɗe da daina jin maganata.

Wata buƙata ce ta sa na ɗauki biro. Kin san jikata Rediyo, wadda ko tana cin abinci ba ta rufe baki. To, malamarsu ta ce kowa ya faɗi sana'ar kakansa. Yarinya ta miƙe ta ce nata kakan dodo ne, shi ne ma na cikin finafinan da. Aji ya kwashe da dariya. Wata ta ce ta gan ni a ƙofar gida ina ɓare lemo, dodo kuwa ba ya ɓare lemo.

Ta dawo ta ce in nuna mata sunana a fim. Na ɗauko tsohon kaset ɗin Dodon Tafki, muka kai ƙarshe inda ake jera sunaye. Kin san abin da kamfanin nan ya rubuta don a ƙara firgita jama'a: "Dodo: shi da kansa." Ta dubi talabijin, ta dube ni, ta ajiye min rimot a cinya, ta fita. Tun ranar ba ta leƙo ɗakina ba. In na kira ta, sai ta ce tana aikin makaranta. Ashe agogon bangon nan yana da ƙara, sai yanzu na sani.

Na ji an sake fitar da finafinan a faifai. Ki zaɓo min wanda zai nuna mutum ne a cikin rigar, kuma mutumin ni ne.

Naki,
Kawu

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka, na gaida gwiwa. Maigida ya ce a ce maka shi tun farko ya yarda kai dodo ne, tun ranar da ya fara zuwa gaishe ka.

Iri uku na samu, duka na kalla.

Na farko daga kaset aka kwafo shi. Duhu ne da hazo, ba ka ganin komai sai ƙaho da haƙora. Wallahi da rana tsaka na kalla, amma sai da na waiga bayana.

Na biyu na 'yan bakin titi ne. Sun datse hoton gefe da gefe don ya cika allo. A fim ɗin Mai Hannu Huɗu, hannu biyu kawai suka bar maka. Kada ma mu ɓata baki a kansa.

Na uku sabo ne, an wanke hoton tas. Kawu, ka zauna kafin ka karanta. Ana ganin zif, tun daga ƙeya har gindin wutsiya. Inda ka fito daga tafki, silifas ne a ƙafarka, shuɗi. Amma wurin da ka buɗe baki za ka yi wa masunci gurnani, na tsayar da hoton. Bayan haƙora akwai baƙar raga, bayan ragar akwai idanu biyu da girar nan taka mai tsaga. Irin kallon da kake yi mana ne in mun taɓa maka jarida. Na yi dariya, na yi dariya, sai kuma na ji hawaye.

Ni dai na uku zan ce. Sai dai ka sani, duk wanda ya kalle shi ba zai ƙara jin tsoronka ba.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yar abokina,

Bayan sallama da fatan alheri. Ni ne Baba Tela. Kawunki ya zo shagona ya karanta min takardarki a gaban masu jiran ɗinki, har wurin zif bai tsallake ba.

Ina so ki fahimci wani abu. Rigar nan ni na ɗinka ta, da roba da soson katifa, tun ba a haife ki ba. Darakta ya ce min kyamara ba za ta taɓa zagayawa baya da haske ba. Saboda haka da duhu na yi awo, da duhu na yanka. Duhun nan yana cikin ɗinkin, kamar yadda shafi yake cikin riga. Wanda ya wanke shi ya farke min aiki, bai kuma nemi izinina ba.

Ke ba ki ga silima a lokacin ba. In kawunki ya ɗago kai daga ruwa, manyan maza ne ke tuna sun bar wani abu a gida. Wannan shi ne abin da muka tara, ni da shi. Yanzu a kawo yara su zauna suna nuna silifas?

Ki aiko da na farko. Yarinya za ta huce, yara ba sa riƙo.

Babanki,
Tela

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san Tela ya rubuto miki, don a wurina ya ari ambulan.

Kada ki ga laifinsa, ni ma abin ya tsaya min. Ban taɓa samun tafi ba, ihu nake samu, kuma ina sonsa. Mutum ya yini cikin roba yana zufa har silifas na ƙugi, ladarsa ke nan, ya ji an tsorata.

Jiya na koma shagonsa. Ya ce, "Dogo, tsufa ya sa za ka sayar da mu." Na ce, "Wa zai saya?" Ya ce, "Za su yi maka dariya." Na ce, "Ai jikata suka yi wa, ba ni ba, kuma ita kaɗai ce a tsaye." Ya taka keken ɗinkinsa da ƙarfi. Da zan tafi ya ce, bai ɗago ba, in za a kalla a ajiye masa kujera kusa da ƙofa, don ya samu hanyar fita.

Ki aiko da na uku.

Kawu

*

'Yar abokina,

Bayan sallama. Kawunki ba ya iya zama a tebur yanzu, shi ya sa ni zan ba ki labari.

Faifai ya iso. Uwar yarinyar ta gayyato 'yan ajinsu ranar da babu makaranta, suka cika falo har kan hannun kujera. Rediyo ta zauna can baya, ta naɗe hannu.

Abin da na faɗa shi ya faru. Zif ya bayyana, suka yi ta ƙyaƙyatawa. Silifas ya bayyana, wata har da birgima. Kawunki yana murmushi, amma ni na san murmushin, na wanda aka taka wa yatsa a taro ne.

Sai dodo ya buɗe baki. Rediyo ta tsallake ƙafafun mutane, ta fizge rimot, ta tsayar. Ta matsa har hancinta na taɓa allo. Ta juyo, ta kama kan kakanta da hannu biyu, ta karkata shi wajen taga. Ta ce, "Ku zo ku ga girar. Layi za ku yi!" Suka yi layi kuwa. Mai maganar lemon ta duba sau biyu, ta ce, "To shi ne, amma ba ya ban tsoro."

Kawunki ya miƙe. Ya jawo bargon da ke kan kujera ya lulluɓa, ya sauke kafaɗa ɗaya, ya fara jan ƙafa irin na dodon fim. Babu roba, babu duhu, rana fes a ɗaki. Sai ya yi gurnani.

'Yar nan, kujerar da na ce a ajiye min a bakin ƙofa, ta kaina suka bi. Har yanzu akwai takalman da ba a zo ɗauka ba. Rediyo kaɗai ta tsaya, tana tsalle tana cewa, "Kakana ne! Kakana ne!"

Game da zif, ban sauya ra'ayi ba. Amma kin lura bai buɗe ba ko sau ɗaya, har cikin ruwa?

Babanki,
Tela

*

'Yata,

Gaisuwa. Ina kwance, bayana ya riƙe tun ranar. Ki aiko da man zafi, da faifan Mai Hannu Huɗu, wanda hannuwan suka cika.

Ki yi haƙuri da gajartar takardar. Mai jinyar tawa, Rediyo, tana zaune a bakin gado tun safe, tana ba ni labarin fim ɗin daga farko, wai ko akwai inda ban gane ba.

Kawu