Malam Isufu Ya Ƙi Kai Ni Ƙara

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Inna, ya yaran da maigidan? Mu nan Greensboro lafiya lau.

Kasuwa ta ja baya, dole na sallami Malam Isufu, mai yanka mana nama a shago. A nan Amurka gwamnatin jiha na biyan wanda ya rasa aiki daga inshorar da mu masu shaguna ke zuba wa kuɗi, kullum muna gunagunin 'yan majalisa za su ƙara mana kuɗin. Na ce ya je ya nema. Sai ya ce, "Haba Alhaji, na ci abincin gidanka, kuma in kai ka ƙara wurin hukuma?"

Na yi bayani har na gaji. Gobe da kaina zan kai shi ofishin.

Ki gaida Inna. Ki taya ni addu'a ya yarda ya shiga motar.

Ƙaninki,
Sani