Reshen Magarya a Ɗaki Na Shida

Kapiri Mposhi, Zambiya

Zuwa ga Sisi Sibonile,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Mama? Ki durƙusa ki gaishe ta a madadina, ki ce mata ɗanta mai surutu ya iso lafiya, reshen magaryar da kawunmu Malume ya yanko ma ya iso, sai dai ƙayarsa ta gama da aljihun jakata.

Duk hanya maganarta ke yi mini yawo a kunne: wai gawar yayanmu Bekezela kaɗai kamfanin motocinsu ya kawo mana bara, kurwarsa tana can an manta da ita a ɗakin haya kamar tsohon takalmi. To, na ga ɗakin hayar. Sisi, gani ya kori ji. Ɗakuna ne a jere bayan gidan mai, tireloli sun zagaye su, ƙasa duk baƙin mai. Katifata ta lotsa a tsakiya, in ka kwanta sai an yi dabara kafin ka fito. Famfo tari yake yi, ba ya kawo ruwa. Kuɗin cizo kuwa sun karɓe ni hannu bibbiyu. A nan yayanmu yake kwana duk shekarun da yake dawo mana da turare yana ba mu labarin manyan otal.

Mai masaukin wata mata ce, Bana Mwila ake ce mata. Da na faɗi sunansa sai ta ajiye tsintsiya.

"Dogon nan mai dariya kamar injin niƙa? Wayyo. Ɗaki na shida. Ni na kai masa shayi da safe na tarar ya riga ya yi sanyi."

Na gaya mata abin da ya kawo ni: in ɗauki kurwarsa da reshen nan in mayar da ita gida. Ta kalli reshen, ta kalle ni, ta ce, "Ku mutanen kudu ba ku rabo da aiki. Amma akwai mutum a ɗakin, ya biya, ba zan tashe shi saboda itace ba."

Mutumin wani direba ne ɗan Tanzaniya, Shabani, giyar motarsa ta mutu yana jiran a kawo masa wata. Na roƙe shi ya ba ni ɗakin na ɗan lokaci kaɗan. Ya ce, "Ɗan'uwa, ashe mu biyu ne a ciki tun da na zo? To ya kawo rabin kuɗin ɗaki." Muka yi dariya. Da dariyar ta ƙare ya ce, "A'a. Yanzu yana kwance lafiya, ina kwance lafiya. In ka tashe shi ya ƙi bin ka fa? Ni za ka bar wa."

Saboda haka ina ɗaki na tara ina jiran giyar wani. Siziba, abokin Bekezela, ya wuce Kwango da kaya, ya ce in zai dawo zai ɗauke ni ya zama bakina a hanya. Direbobin garinmu Bulawayo suna tsayawa nan kullum, ki ba su amsar wasiƙar nan a garejinsu. Na gaji tun ban fara ba.

Ƙaninki,
Zenzo

*

Mpopoma, Bulawayo

Zenzo,

Muna gaishe ka. Yara lafiya, maigida yana gaisuwa.

Na karanta wa Mama wasiƙarka, na tsallake maganar katifa da kuɗin cizo. Ba ta bukatar sanin inda ɗanta yake kwana. Jikin nata ba daɗi. Kunu kaɗai ke shiga, shi ma sai na ce mata in ba ta sha ba wa zai tarbi Bekezela a ƙofa. Likita ya ce mu riƙa lallaɓa ta a gida, ka san abin da hakan ke nufi.

Malume ya ce in maimaita maka, don ya san halinka. Za ka ja reshen a inda ya rasu, ka kira shi da sunansa da na kakanninmu, ka ce masa ya tashi ku tafi gida. Daga wannan lokacin bakinka nasa ne shi kaɗai. Duk kogin da za ku haye ka gaya masa, duk motar da za ku shiga ka gaya masa. In ka yi wa mai rai magana ko da "sannu" ce, ya sauka ke nan a wurin, kuma ba lallai ya sake yarda ya bi ka ba.

Ni na ce a tura wani, ba kai ba. Mutumin da ke hira da akuya in ya rasa abokin magana. Amma kai kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ka yi haƙuri da maganata, ni ma a gajiye nake.

Allah ya dawo da ku lafiya.

Yayarka,
Sibonile

*

Kapiri Mposhi

Sisi,

Ina gaishe ku duka. Mama ita ce ta farko.

Na ɗauko shi. Sai dai na ɗauko shi da wuri, yanzu gaba kura baya sayaki.

Ranar Talata giyar Shabani ta iso, ya yi sallama ya kama hanya. Kafin ƙurar motarsa ta kwanta Bana Mwila ta leƙo ta ce, "Mai itace, in za ka yi abinka ka yi yanzu. Wasu 'yan kasuwar kifi sun kama ɗakin daga yamma, wata guda za su yi." Na ce Siziba bai dawo ba. Ta ce, "Siziba ne ke biya mini kuɗin wuta?"

Na shiga. Ɗaki ne irin nawa, har lotsawar katifar. Na zaci zan ji wani abu, tsoro ko sanyi, amma warin maganin sauro kawai na ji. Na durƙusa na ja reshen a kan gadon, na ce, "Bekezela, ɗan Nyathi, ni ne Zenzo. Tashi mu tafi, Mama tana jira." Sai kuka ya zo mini, wanda ban yi ba ranar jana'izarsa. Na naɗe reshen a tawul na fito.

Washegari labari ya zo cewa motoci sun cunkushe a iyakar Kwango, Siziba yana cikin layin, ba wanda ya san ranar fitowarsa.

Na gwada bas. Na sayi kujera biyu da nuni, na zauna, na ɗora shi a ta kusa da taga. Wata tsohuwa ta gane abin da ke nan, ta ɗaga murya, mutane suka fara sauke kayansu. Kwandasta ya tsaya a kaina yana cewa, "Malam, mene ne wannan? Kurma ne kai?" Ina da amsa cike da baki, Sisi, amsa mai kyau. Na haɗiye ta, na ɗauki yayana muka sauko. Ko da sun bar ni, wa zai amsa wa ma'aikatan iyaka tambayoyinsu? Sauran direbobin garinmu kuwa wasiƙa za su ɗauka, ban da wannan fasinja.

Ga mu nan a ɗaki na tara. Malume ya ce baki, bai ce hannu ba, shi ya sa nake rubutu. In ina son ruwa in ɗaga bokiti, in ina son tuwo in shafa ciki. Direbobi sun mayar da ni abin wasa. Jiya wani ya zo da gudu wai ɗakina ya kama da wuta, don kawai ya ji muryata. Bana Mwila ta kore shi da muciya, ta ce, "Ku bar bawan Allah da kayansa." Tun ranar take ƙaro mini kifi a miya, kuma in ta kawo shayi kofi biyu take kawowa.

Da Bekezela nake hira. Na gaya masa duk abin da ban gaya masa ba yana da rai: yadda in ya dawo Mama ke yanka kaza, in ni na dawo ta ce in duba ko akuyoyi sun sha ruwa. Ban ji haushinsa ba, amma abin yana ci na. Karo na farko ke nan da ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

Ki ce mata ya taso, yana hannuna. Ta ƙara haƙuri kaɗan.

Naki,
Zenzo

*

Mpopoma

Zenzo,

Gaisuwa. Mun ji, mun gode Allah. Da na gaya mata ya taso, ta sha kunu rabin kofi ba tare da na roƙe ta ba.

Amma tun shekaranjiya ƙafafunta suka kumbura, numfashin ma sai a zaune. Ta nace sai an kira masaukin da kake. MaDube maƙwabciyarmu ta yarda mu yi amfani da tarhon gidanta ranar Lahadi bayan an taso coci, na samo lambar a garejin. Za mu ɗauke ta a kujera mu kai ta. Na ce mata ba za ka iya amsawa ba, ta ce ta sani, ita ce babba ko Malume? Ina jin so take ta yi wa Bekezela magana. Ka kawo shi kusa da wayar, kai kuma ka kama bakinka.

Sibonile

*

Kapiri Mposhi, Lahadi

Sisi,

Ina gaisuwa. Kina wurin, kin ji rabin abin da ya faru. Ga ɗaya rabin.

Tun safe na yi wanka na sa farar rigata, kamar za ta gan ni. Na zauna a benci gaban teburin Bana Mwila da reshen a cinyata. Da tarhon ya yi ƙara ita ta ɗauka, ta ce, "Yana nan, Mama, su biyun suna nan," ta miƙo mini. Na kara shi a jikin tawul ɗin, na sunkuyo don in ji abin da za ta ce masa.

Sai na ji ta ce, "Zenzo."

Na ɗauka kuskure ta yi. Ta sake cewa, "Zenzo, ɗana. Kai nake kira. Gidan nan ya yi shiru tun da ka tafi. Ka ci abinci? An ce wurin akwai sauro."

Sisi, shekara nawa ina jiran ta tambaye ni ko na ci abinci?

Ta ce, "Yi mini magana. Kalma ɗaya. Shi ya riga ya tafi, ba zai ji haushi ba. Ni ce ban tafi ba tukuna."

Na ji muryarki a baya kina cewa, "Mama, kin san ba zai iya ba." Bana Mwila ta dafa kafaɗata tana cewa, "Yi magana mana, ɗan nan, uwarka ce. Itace ana sake yankowa." Bakina ya buɗe. Na rantse miki ya buɗe. Sai na tuna 'yan kifi sun cika ɗaki na shida, na tuna in ya sauka a nan gaban teburin karɓar baƙi zai zauna, tsakanin kalanda da akwatin lemo, har abada. Ita ce ta aiko ni in raba shi da wurin nan. Na rasa wace Mamar zan bi, wadda ta aiko ni ko wadda ke kan waya. Ina cikin wannan na ji tana numfashi, ni ma ina yi mata numfashi da ƙarfi don ta san ina nan, sai layin ya yanke.

Sai da na koma ɗaki na zauna a bakin gado dabara ta zo mini. An yarda in yi wa Bekezela magana. Da na ce, "Bekezela, gaya wa Mama na ci abinci, gaya mata ina kewarta," da ta ji muryata, shi kuma bai sauka ba. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Na fita da gudu na nuna wa Bana Mwila tarhon, ta ce nasu karɓa kawai yake yi, ba ya kira waje. Gidan waya kuma a rufe, yau Lahadi, gobe ma wa zai yi mini bayani a can?

Ki roƙi MaDube ku sake kira, ko sau ɗaya. Ba na matsawa daga bencin nan. In kuma ba ta iya tashi, ki karanta mata wannan ba tare da kin tsallake komai ba: Mama, na ci abinci. Akwai sauro, amma ina da gidan sauro. Ina nan tafe.

An ce layin Kwango ya fara motsi.

Ɗanki kuma ƙaninki,
Zenzo

*

Mpopoma

Zenzo, ƙanena,

Ina gaishe ka da gajiya, ina kuma yi maka gaisuwar rashi. Wasiƙarka ta zo ranar Juma'a. Mama ta tafi ranar Laraba da hantsi, a kan kujerarta.

Ba ta yi fushi ba, kada ka ɗora wa kanka wannan. Da muka ɗauko ta daga gidan MaDube dariya take yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Yaron nan tun da ya iya magana nake roƙonsa ya yi shiru. Yau na roƙe shi ya yi magana." Can kuma ta ce, "Na ji numfashinsa. Yana da mura, ki gaya masa ya rufe ƙirjinsa."

Malume ya ce ba za a sa ta a ƙasa ba sai kun iso, don su shiga gida tare. Siziba ya aiko cewa ya fito. Ka gaya wa Bekezela da kanka, kai kaɗai ne za ka iya.

Zan tsaya a bakin ƙofa. In ka gan ni kada ka gaishe ni, ka wuce ciki ka sauke shi tukuna.

Yayarka,
Sibonile